Waƙar Direban Bas Ɗinmu

Direban bas ɗin da ke ɗaukar mu daga Al Wukair, a gefen Doha, zuwa wurin aikinmu na gadi dattijo ne ɗan Zongon Kumasi, mai taurin kan tsiya. Mu 'yan Arewa wa'azi muke so da safe, shi kuwa sai ya sakar mana waƙar Turawa: jita biyu suna ƙara, ganga na gudu, samari sun haɗa murya kamar a tsohon rediyo.

"Baba, don Allah kashe hayaniyar nan," nakan ce.

"Yalla, zauna. Kunnenka ne bai waye ba."

Ya ce ba tsofaffin waƙoƙi ba ne. Wasu matasa ne ke bugawa a garejin gidansu, suna bin salon kiɗan iyayensu, babu kamfanin da ya tsaya musu. Na ce ai da ji.

Da korona ta zo, aka raba mu a kujeru, kowa da takunkumi, hira ta mutu. Titunan Doha fayau. Abin da ya rage mai rai a motar nan kiɗan Baba ne. Akwai wata waƙa da jita ke fara ta ita kaɗai, can sauran kayan kiɗan su rufo mata gaba ɗaya. Ban san me suke cewa ba, amma muryar ta mai kewa ce da ke ƙoƙarin yin fara'a. Irin halin da nake ciki ke nan.

Sai cutar ta kama ni, aka killace ni. Na fito na tarar da sabon direba, mota tsit. Kwantiragin Baba ya ƙare, ya koma gida, layin wayarsa na nan ya mutu. Sunan waƙar kuwa ban taɓa tambaya ba.

Na yi ta rera ta a raina kada ta gudu. Na rera wa masu shagon waya a unguwar Al Asmakh, suka yi dariya. Na rera wa manhajar gano waƙa ta wayar kanta, ta kawo mini wasu daban.

Da gasar Kofin Duniya ta zo na ce khalas, shi ke nan, ga masu waƙar sun zo da ƙafarsu. An sa ni karɓar tikiti a ƙofar shiga filin wasa. In layi ya yi sauƙi sai in tare Bature in rera masa. Ashe ba kowace waƙar Turawa Bature ya sani ba. Wasu su yi murmushi, wasu su ɗauka taken ƙasarmu ne.

Wani mai furfura, da hoton jita a rigarsa, shi ya tsaya da gaske. Ya karkato kunne, yana kaɗa kai, ya yi mini alama da hannu in ci gaba, ya kusa ganewa.

Na buɗe baki, babu sauran waƙar a kaina. Na koma farko, na sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya jira ni har na bayansa suka fara ƙorafi, sannan ya dafa kafaɗata ya shige.

Na miƙa hannu na karɓi tikitin na gaba.