Goyon Anasara

A kasuwa, Tabawa mai hura tana kallon anasarar da ta ƙetaro teku don koyarwa kyauta a lakwal, makarantar bokon Ibohamane. Doguwa ce, rana ta ƙone mata hanci, zanenta duk alli. Jaririn wata mai tattasai yana tsala kuka, uwar tana fama da masu saye. Anasarar ta ɗauke shi, ta manna a ƙirji, tana jijjigawa, hawaye na taruwa a idonta. Hannun nan ya san ɗa, in ji Tabawa a ranta. Ko ta baro nata gida, ko ƙasa ta rufe shi.

"Ɗiyata, juyo."

Tabawa ta cire mayafinta, ta goya mata shi.

"A baya muke sa su, kar hawayen uwa ya ɗiga musu."