Gyara a Faifan Ƙarfe

Lokacin da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, ina da rumfar ƙarfe a Nyanya, bayan tasha. Rodi nake sayarwa da bututu. A nan na ji wata kwaleji ta gama ɗakin motsa jiki na 'yan wasanta, ba ta zuba komai a ciki ba. Na so aikin ƙwarai, don duk wanda ya fara shiga makaranta ɗaya, shi sauran za su nema.

Mu biyu muka fito. Ɗayan ɗan kasuwa ne da ya biyo ma'aikatu daga Legas, ya kawo injinan ɗaga nauyi: ka zauna a kujera, ka ja waya, ƙarafa su tashi a bayanka. Ni kuwa sandar ɗaga nauyi na kawo da faya-fayan ƙarfe da ake zura mata dama da hagu. Wani tsohon maƙeri a Idu, wanda na daɗe ina kai wa tsoffin ƙarafa, shi ya narka ya zuba min su.

Kocin 'yan wasan ya ce a ajiye kayan kowa, ɗalibai su gwada. A ganinsa inji yana riƙe wa sabon shiga hanya, ba ya faɗo masa a ƙirji. Sanda kuma tana koya wa jiki daidaita kansa, abin da ɗan kokawa ke buƙata. Ni dai ban yarda da inji ba. Nauyin da aka saka a keji aka bi da shi ta waya, wa ya san abin da ke isa hannunka? Ranar da wayar ta tsinke kuma, sai a zauna jiran Legas.

Ba a daɗe ba koci ya aiko na je.

Ya ce, “Alhaji, kayanka na karkata. Yarana suna kukan kafaɗa ɗaya.”

Nan take zuciyata ta tafi kan mutumin Legas. Kullum yana ɗakin da sifana a aljihu, wai yana ɗaure injinansa, kuma na sha ganinsu shi da koci suna cin gasasshiyar masara suna dariya. Na mirgina sandar a siminti, ko an lanƙwasa ta. Miƙaƙƙiya ce sambal. Na duba faya-fayan ko an musanya, na ga tambarin maƙerina a kowanne. Duk da haka ban saki zargina ba. Washegari na ɗauko sikelin rumfata a bayan a-kori-kura.

Mutumin Legas yana gefe, hannu a ƙugu. Ya ce, “Oga, fara da nawa, kar hawan jini ya kama ka.”

Na fara da nasa, ina fatan in kama shi. Kowane ƙarfe ya zauna daidai kan abin da aka rubuta masa. Na ɗora nawa. Ba wanda ya gaza, duk sun haura, sai dai wani kaɗan, wani da yawa. Faifai biyu masu lamba ɗaya, nauyi daban. Na tsaya ina kallon allurar sikelin. Mai son ɓata ka ragewa yake yi. Wane ne zai ƙara maka ƙarfe kyauta, kuma me yake nema?

A hanyar Idu har na fara tunanin ko an saye tsohon maƙerin ne. Na same shi yana gyaran murhu.

Na ce, “Baba, me ka sa a faya-fayan nan?”

“Ƙarfe, ɗana. Da me zan sa, gero?”

“Sun fi abin da aka rubuta.”

Ya dube ni kamar na zo godiya. “To da fa? Kai mutumina ne. Sai in auna maka cif-cif kamar baƙo? Ko mai tumatir tana gyara.”

Ashe kowane faifai, bayan ya cika awo, sai ya ƙara ɗan abin da hannunsa ya ga dama. Na yi masa bayanin kafaɗun ɗalibai. Ya ji, amma ya ƙi yarda a ce ƙari aibu ne. Da ƙyar ya amince a kankare su, yana cewa bai taɓa karɓe kyauta ba sai a kaina.

Kafin mu gama, kwalejin ta ɗauki injinan. Koci ya karɓi sanda ɗaya da faya-fayanta don 'yan kokawa, bayan ya auna su da kansa a gabana, aka ba su lungu kusa da taga. Sauran makarantu mutumin Legas suka bi, ni na koma kan rodina.

Ranar da na je kwasar ragowar kayan a Idu, Baba ya miƙo min wani gwangwani mai nauyi. Garin ƙarfen da aka kankare ne, ya share ya tara.

Ya ce, “Riƙe. Naka ne.”