Tsohon Kakaki da Gyaran Muryar Likita

Har yau in na tuna wanda ya tsara tafiyata London, sai in ji raina ya ɓaci. Sojoji sun ce za su koma bariki, an kuma yanke cewa mulkin da za mu yi irin na Amurka ne, kowace jiha da majalisarta da kakakinta. Sai wani mai basira a ma'aikatarmu ya ga cewa wurin da ya dace a tura mutum ya koyo tsarin Amurka shi ne Ingila. Lokacin kuɗin mai ne, ba mai tambayar dalili. In akwai kwas, akwai jirgi, to sai tafiya.

Babban sakatare ya kira ni, ya ce in na dawo da takardar shaida ni ne akawun sabuwar majalisar jiharmu. In kuwa na dawo hannu rabbana, teburina na ofishin filaye yana nan yana jirana. Shekara takwas na yi a teburin nan ina shaƙar ƙurar fayil, ina sauraron mutane suna rantsuwa a kan iyakar gona. Na gwammace komai da in koma.

Makarantar tana Aldwych, a hawa na uku, inda in bas ta wuce sai tagogi su yi ta karkarwa. Wata shida muna koyon yadda Turawan Ingila ke ɗaukar sandar majalisa da yadda suke rusunawa. Da aka ga lokaci ya kusa ƙarewa ba a taɓo Amurka ba, sai aka nemo mana wani tsohon Ba'amurke a toshe ɓarakar da shi. Aka ce kuma ba mai samun takarda sai da sa hannunsa.

Dogo ne mai faffaɗan kunne, kwat ɗaya gare shi, ruwan ƙasa, hannuwansa kuwa na manomi ne sak. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana kakakin majalisar wata jiha wadda, a faɗarsa, masara ta fi mutane yawa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a London, shi ya sa ya zo ya zauna kusa da jikoki. Ni na shigo da sabon littafi da biro biyu, ina jiran ƙa'idoji: wa ke fara magana, minti nawa ake ba mutum, yaushe ake buga guduma. Shi kuwa ya jingina da kujera ya fara ba mu labarin yadda yana saurayi yake sayar da abincin dabbobi, yana bin gona gona a akori-kura, har ya san sunan karen kowane gida.

Haka muka yi ta yi. In ka tambaye shi abin da za a yi idan 'yan majalisa biyu suka miƙe lokaci guda, sai ya ba ka labarin wani da rumbunsa ya ƙone. In ka tambayi yadda ake gyara ƙuduri, sai ka ji yadda ya ci zaɓensa na farko don ya taya wata gwauruwa ciro saniya daga rami. Na san sunan makarantarsa ta firamare, na san ciwon da ya kashe alfadarin ubansa, amma littafina fari fat. Ga shi tsoho, tarbiyya ba ta bar ni in katse shi ba. Sai in zauna ina murmushin dole.

Saura mako huɗu a rufe kwas na tare shi a matattakala.

Na ce, "Yallaɓai, a kan me za mu yi rubutun ƙarshe?"

Ya ce, "Ba na karanta rubutu, ɗana. Idona ya gaji. Je ka ka kai wata shawara gaban mutane, kowaɗanne iri, ka ci ƙuri'a, ka kawo mini shaida. Sai in sa hannu."

Na ce a raina, wannan ai sauƙi ne. Muna da ƙungiyar 'yan Arewa mai mutum talatin, ɗalibai da likitoci da ma'aikata, ni ne ma sakatarenta. Ga kuma magana a ƙasa tana jiran mai ɗauka. Tun fil azal a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Bloomsbury ake walimar Sallah. Amma yawancin masu iyali, har da ni, a Thamesmead muke zaune, cikin gine-ginen kankare da in ba ka lura ba sai ka ƙwanƙwasa ƙofar wani. A can mata ke girki, su ɗauko tukwane da yara su hau bas, su hau jirgin ƙasa, su sake hawa bas. A ƙaramar Sallah miyar taushen maiɗakina ta kife a bas, kwandasta ya yi mata wankin babban bargo a gaban jama'a, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba kamar ni na taka birki. Shawarata ita ce a mayar da walimar babbar Sallah Thamesmead.

Abu ɗaya da na tsinta cikin surutun tsohon shi ne kada ka kira ƙuri'a sai ka san adadinka. Na ja layi a takarda, na jera sunaye, na fara da na kusa da ni. Duk wanda na samu sai ya ce, "Wallahi ka yi tunani, Sakatare. Ai mu ma mun gaji." Wani injiniya ɗan Jos har ya ce, "Ni zan yi booking ɗin hall ɗin council, kar ka damu." Cikin kwana goma na sami ashirin da shida.

Saura Likita. Shi ne babbanmu, ya zo London tun ana zuwa a jirgin ruwa, ba ya riƙe da muƙami a ƙungiya, amma shi ke raɗa wa 'ya'yanmu suna, shi ke tsayawa in an yi rasuwa. Gidansa can arewacin gari, tafiyar kusan awa biyu. Na duba takardata na ce, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ai haka Amurkawa ke yi. Ana gobe taro na shiga akwatin tarho na bakin titi na kira shi, na zayyana masa komai cikin gaggawa kafin kwabbaina su ƙare. Da na gama ya ce, "Allah ya kai mu goben."

Na nuna wa tsohon kakaki takardar ina ta washe baki. Ya kawo ta kusa da hancinsa ya ce, "Nawa suka ce maka a'a?"

"Ko ɗaya."

"Wa ka fara gani?"

"Maƙwabcina."

Ya dube ni kamar yadda ake duban maras lafiyar da bai san yana ciwo ba. Sai ya fara wani labarin alfadari, ni kuma na rufe kunnena. Da ya gama ya roƙi in bar shi ya zo ya zauna a baya.

Ranar Asabar da la'asar aka cika a ɗakin na Bloomsbury. Na miƙe na karanta shawarata da Hausa mai kyau, har da dalilai guda biyar. Shugaban ƙungiya ya ce ko akwai mai magana. Sai Likita ya yi gyaran murya. Bai ko miƙe ba. Ya ce, "Yaran yanzu akwai hanzari, Allah ya yi albarka. Amma ni a ganina a bar abu yadda aka saba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Shugaba ya ce masu goyon bayan Sakatare su ɗaga hannu. Na ɗaga nawa. Na waiga dama, na waiga hagu. Mutum ashirin da shida duk sun sami abin kallo a tsakanin takalmansu. Injiniya ya ɗago hannu har kafaɗa, da ya ga ba kowa sai ya zarce da sosa ƙeya. Ban taɓa jin kunya da haushi sun haɗu mini irin na ranar ba.

A bakin titi na fashe. Na ce wa tsohon mutanena munafukai ne, na ce da irin waɗannan za a yi mulkin farar hula, Allah ya sauwaƙe. Ya bar ni na gama, yana ɓare minti.

Ya ce, "Ba wanda ya yi maka ƙarya. Ka tambaye su abin da suke so, sun faɗa maka. Ba ka tambaye su wanda suke jin nauyi ba." Ya jefa mintin a baki. "Ka san yadda na rasa kujerata? Akwai wani dattijo a majalisa, daga ƙaramar gunduma, ba ya magana sai shekara shekara. Matarsa ta rasu lokacin aiki ya yi mini yawa, sai na sa sakatariyata ta aika da furanni. Ƙuri'arsa ɗaya ce, na ƙirga. Ranar zaɓen kakaki mutum tara suka bi shi." Wannan ne labarinsa mafi gajarta, shi ne kuma kaɗai ban buƙaci littafi don in riƙe ba. Sannan ya ce, "Kai ni gidan likitan nan."

A gida na sami nawa rabon. Maiɗakina ta ajiye ludayi ta ce, "A waya? Baba Likita ka kira a waya, ana gobe taro, bayan ka gama zaga kowa? Kai da aka haifa a gidan da ba a sa hannu a akushi sai Malam ya fara? Wata shida a Aldwych har sun wanke maka kai." Na buɗe baki in kawo zancen mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, na ga idonta, na rufe.

Ranar Lahadi da hantsi muka tafi, da ƙullin goro da na sha wuya kafin in samo. Tsohon ya ga takalma a ƙofa, ya cire nasa ba wanda ya gaya masa, ga babban yatsa ya leƙo ta hujin safa. Likita yana zaune a kan darduma, sai shi ma ya ƙi kujera, ya sauka ƙasa gwiwoyinsa suna ƙara kamar ana karya kara. Na durƙusa na gaida Likita na ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini." Ya ce, "Ba komai," da irin muryar da ke nuna akwai komai.

Daga nan tsohon kakaki ya kama aikinsa. Ni ina jira ya kawo maganar Thamesmead, shi kuwa sai tambaya. Yaya jirgin ruwa? Yaya sanyin shekarar farko? Wa ya yi musu limanci a Sallarsu ta farko? Mutumin da ya hana mu sakat da surutu mako takwas, yau ya zama kunne zalla. Likita ya saki jiki. A nan na ji abin da ban taɓa sani ba, ni da nake sakatare: su biyar suka yi Sallar farko a ɗakinsa na haya, mai gida tana buga musu ƙofa. Shi ya yi ta sintiri wata da watanni har aka ba su aron ɗakin nan na Bloomsbury, shi ya ɗauko tabarmin farko a kafaɗa cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, Turawa suna kallonsa. Uku daga cikin biyar ɗin sun rasu. Ɗakin da na kira rami mai wari a cikin dalilina na biyu ke nan.

Awa uku muka yi. Ƙafata ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Aka kawo waina da miya, tsohon ya ci da hannu yana ɓata kwat. Ya ce bai taɓa cin abu mai daɗi haka ba, ya tambaya ko irinta ake ci ranar Sallah, wa kuma ke dafa wa mutane masu yawa haka. Hajiya, matar Likita, ta amsa daga bakin ƙofa: "Yaran Thamesmead ne. Bas biyu da train, da goyo a baya, ga sanyin winter ya shigo." Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki," ko dai abin da ya yi kama da haka a bakinsu, ya ci gaba da cin wainarsa. Muka yi sallama. Ko kalma ɗaya a kan shawarata bai furta ba. A hanyar dawowa ban yi masa magana ba, don in na buɗe baki zan yi rashin kunya. Saura kwana tara a rufe kwas, ni kuma har na fara jin warin fayil ɗin filaye a hancina.

Ranar Laraba shugaba ya aiko cewa Likita yana son a taru ranar Asabar. Aka taru. Ya yi gyaran murya, wannan karon ya miƙe tsaye. Ya ce, "Na yi tunani a kan 'ya'yanmu mata da wahalar da suke sha da tukwane. Ina ganin bana mu bi su can Thamesmead." Kafin ya zauna hannuwa talatin suna sama. Injiniya ya ɗaga biyu. Aka yi ta kabbara ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni da na hau rimin, na faɗo, na karye, ina gefe da biro ina rubuta: "Likita ya kawo shawara, taro ya amince baki ɗaya."

Ranar Litinin na ajiye takardar a gaban tsohon, na fassara masa. Ya bi ta da yatsa ya ce, "Ina sunanka?"

Na nuna masa can ƙasa, inda sakatare ke sa hannu. Na ce, "A garinmu ana cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Na yi masa bayani, ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da guduma. An yi hanyoyi, an gina makarantu. Je ka duba, ba doka ɗaya da ke ɗauke da sunana." Ya zaro alƙalami ya sa hannu. Sannan ya fara wani labarin saniya, na kuwa zauna na saurara har ƙarshe, ko da yake ba zan ce na ji daɗinsa ba.

Na dawo gida na zama akawu, na yi ta rubuta sunayen wasu a kan shawarwarin da na san inda aka haife su, har sojoji suka sake dawowa suka sallame mu. Tsohon ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Likita ya daɗe da rasuwa. Amma har yau in tsofaffin 'yan London suka haɗu a gidana aka taɓo zancen da, sai wani ya ce, "Allah ya ji ƙan Likita, shi ya tausaya wa mata ya kai Sallah Thamesmead." Maiɗakina, wadda ta san komai, ita ke fara cewa amin, tana kallona. Ni ma sai in ce amin.