Gonar Ubangiji Mai Yawo

Mantawa ya yi, ko da gangan ya bar mini wannan aiki? Damina uku ke nan da rasuwar maigidana, ina juya tambayar a raina, ban sami amsa ba, wanda zai faɗa mini kuwa ya tafi. Ni ban yi makaranta ba. 'Yata ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata in ta ga hawaye kada ta ajiye biro, kuka ba ya hana ni magana.

Muna zaune a wani ƙauye bayan Pitowa, inda iyayenmu suka sauka da suka ƙetaro daga Najeriya. Mu kaɗan ne masu bin Almasihu da muke addu'a da Hausa, a kasuwa kuwa Fulatanci muke yi kamar kowa. Gonarmu ɗaya ce, doguwa, ta taso daga tudu mai tsakuwa ta gangara har bakin rafi. Wajen rafin baƙar ƙasa ce mai riƙe ruwa, ko damina ta yi gardama ba ta ba mu kunya. Tudun kuwa sai shekarar da ya ga dama.

Tun ina amarya na tarar da maigidana da wata al'ada. Kowace shekara in dawa ta fitar da kai, sai ya saro sanduna huɗu, ya yage tsohon jan zanena ya ɗaura musu, ya zaga gona yana duba zangarniya kamar mai sayen sa a kasuwa. Inda ya fi kyau, nan yake kafa sandunan. Abin da ke tsakaninsu shi yake kira gonar Ubangiji. Daban ake girbe shi, daban ake sussukawa, ranar godiya a ɗora a keken shanu a kai majami'a. Nakan yi masa tsiya in ce ya bar Ubangiji ya ɗanɗana tsakuwa ko sau ɗaya, yakan ce babban baƙo tsoka ake ba shi, ba ƙashi ba. Da na ga jajayen zannuwana suna ƙarewa a gona na daina sayen ja. Sai ya fara sayo mini da kansa daga Garwa, wai ja ne yake karɓata. Na san abin da yake hange, amma ina ɗaurawa, don gaskiya yana karɓata.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, ya ce zai yi wasiyya tun bakinsa na motsi. Ya kira fasto, ya kira jauro mai riƙe da ƙauyenmu, ya kira maƙwabcinmu Alhaji mahauci, amininsa tun suna samari. Su biyun sun shekara arba'in suna musun addini a gindin darbejiya, babu wanda ya matsa ko taku ɗaya, kuma ba a taɓa yin sallah ba a kawo mana cinya ba. A gabansu ya ce gida da sauran gona nawa ne da 'ya'ya, gonar Ubangiji kuwa ta zama ta ikkilisiya har abada, a riƙa ciyar da baƙi da marasa ƙarfi daga cikinta. Fasto ya rubuta da Faransanci, ya maimaita mana da Hausa, maigida ya dangwala yatsa, jauro ya buga hatimi. Alhaji ya ce su ma suna da irin wannan, sadaka mai gudana, sai dai da masallaci ya kai wa da ladan ya fi kauri.

"Kai ka kai naka can," in ji maigida, "in mun haɗu sai a gwada."

Aka yi dariya, aka ci shinkafa da naman da Alhaji ya kawo. Babu wanda ya tambaya a ina gonar Ubangijin take. Kowa ya sha ganin jajayen ƙyallaye suna kaɗawa daga hanya, kowa yana ganin ya sani.

Bayan an share makoki, dattawan ikkilisiya suka ce a kai takardar ofishin sufurefe, wato mai mulkin gundumarmu, a kawo mai awo ya kafa duwatsun siminti, don kada a bar wa jikoki rigima. Da hantsi muka ɗunguma gona a nuna masa wurin. Fasto ya miƙe tsakiya, wajen tsamiya, inda ya ga ƙyallaye shekarar da aka kawo shi garinmu. Jauro ya ce a'a, ya nuna gefen gabas da sandarsa. Alhaji kuwa ya rantse a kan tudu ne, don wata shekara mai ruwa da yawa shanunsa sun kutsa can sun yi ɓarna, maigida ya bi shi har rumfar nama yana ce masa shanunsa sun ci abincin Allah, sai ya yi musu istigfari. Mai awo ya tsaya da igiyarsa yana kallon dattawa uku, kowa ya kama kusurwarsa yana kiran sauran. Kuma duk cikinsu babu maƙaryaci. Ranar na yi dariyata ta fari tun da aka binne shi, na yi har na zauna a kan kunya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya.

Da na natsu na gaya musu gonar Ubangiji yawo take yi, ta zauna a kowane gefe, sai dai ta fi daɗewa a bakin rafi. Mai awo ya ce dutsen siminti ba ya yawo, sai a zaɓi wuri ɗaya. Duka suka juyo suka dube ni.

Nan tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Bakin rafin nan shi ne tuwona. Ɗana yana Tibati yana su, da bakuna da yawa a gidansa, ba zan zama masa kaya ba. 'Yata, wannan da take rubutu, ta ja ni gefe ta ce in nuna tudu kawai, ga shaidar Alhaji, babu mai zargina. Fasto ma cikin ladabi abin da ya faɗa ke nan, wai ikkilisiya ba za ta karɓe abinci daga bakin gwauruwa ba. Na ce su ba ni lokaci har dawa ta fitar da kai, in yi yadda mai gonar yake yi.

Daminar nan da ƙyar aka yi noman, 'yan'uwa suka taimaka. Da lokaci ya yi na saro sanduna huɗu, na ciro jan zanen da ya sayo mini na ƙarshe, wanda ban ɗaura ba ko sau uku. Na daɗe ina riƙe da shi kafin in yaga. Na tafi ni kaɗai da sanyin safiya, ban gaya wa kowa ba. Zagayen bai ɗauki lokaci ba, don ko makaho ya shafa zangarniyar bakin rafi ya san babu kamarta. Duk da haka ƙafata tudu ta nufa. Na kafa sanda ɗaya a can cikin tsakuwa, na buga ta da dutse sosai, na ja baya na dube ta. Ƙyallen yana kaɗawa a kan dawa 'yar ƙarama mai kai kamar na tsintsiya. Sai kunya ta rufe ni, irin kunyar matar da aka kama tana zuba wa baƙo ƙanzo. Babu kowa a gonar, amma na ce da ƙarfi, to na ji, na ji. Na tumɓuke sandar, na gangara.

Da rana fasto ya zo gida a kan babur, ya ga ƙyallaye a bakin rafi daga hanya. Ya fara lallashina, ya ce Mama a sake tunani, Allah ya san zuciya.

"Ɗana," na ce masa, "ba kai aka ba wa ba, balle ka mayar."

Sai ya cire hularsa ya yi addu'a. 'Yata ta yi kwana biyu tana ajiye mini kwano da ƙarfi. Yanzu ma da na faɗi haka ta ɗago kai tana hararata, amma na ce ta rubuta.

Aka kafa duwatsun. Ni na ɗauka daga nan sai in ɗaure ciki da abin da tudu ya bayar. Amma da rani ya yi, sai ga amalanken Alhaji yana ta jigilar taki daga turken shanunsa zuwa tudun. Da na je yi masa godiya ya ce ba don ni ba ne, istigfarin shanunsa ne da bai gama ba. Da ruwa ya sauka zumuntar mata suka yi mini gayya, suka zo da fartanya da waƙa, wasu da Hausa wasu da Fulatanci, suka gama tudun kafin azahar, suka cinye mini tukunyar wake. Tudun bai zama bakin rafi ba, ba zan yi ƙarya ba, amma ban rasa tuwo ba.

Abin da ya fi ba ni dariya ranar godiya ya faru. An kawo dawar bakin rafi, an jibge gaban majami'a, aka ware ta baƙi, aka fara kiran gwauraye a ba kowace rabonta kamar yadda wasiyya ta ce. Ina zaune ina tafi, ina jin daɗi, sai na ji an kira ni. Wallahi na manta ina cikinsu. Na tashi na karɓi kwaryata, dawar gonarmu, daga hannun mijina ta bi ta majami'a ta dawo mini. Na rungume ta ina kuka a gaban jama'a, matan suna guɗa.

Mutane sukan tambaye ni ko lokacin da yake kwance a asibitin Garwa ya yi mini wata magana a kan iyakar gonar Ubangijin. Bai yi ba, kuma ni ma ban tuna in tambaya ba. Ranar ƙarshe da hantsi na dama masa kunun gyaɗa, na tallabe kansa ya sha cokali huɗu, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Ya dube ni, ya ga na rame da jinya, ya tura mini kofin da bayan hannunsa.

"Na ƙoshi, tsohuwa. Ki shanye tun da ɗumi, tun jiya ban ga kin sa komai a baki ba."