Kawu Bala da Wayar Kaka Mai Fasasshiyar Fuska

Yau shekara uku da rasuwar Kawu Bala, ƙanen Innata, mai shagon kwamfuta a bakin tashar Gwarzo. Allah ya jiƙansa. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: masifaffe ne. Ya taɓa yi mini faɗa tun azahar har la'asar, 'yan kamasho suka bar kiran fasinja suna saurare, don kawai na mayar da akwatunan fom ruwan hoda.

Shi ya tsara wa wata makaranta a Kabo fom ɗin rajista da iyaye ke cikewa a waya. Ni ya ɗora a kan fayil ɗin ado, wato CSS, inda ake gaya wa shafi girman rubutu da launi da faɗin akwati. Kome na yi, sai ya miƙo mini wayar Kaka mai fasasshiyar fuska. "Fita rana, Zainabu. In Kaka ba ta gani ba, goge." Kaka, da karatunta na yaƙi da jahilci, tana ƙofar shago tana sayar da ƙuli-ƙuli. Ta kanne ido ta ce, "Tururuwa nake gani." In koma in goge, ina zaginsa a ciki.

Bana makarantar ta ɗauko wani ɗan gayu daga Kano ya "gyara" fom ɗin. Rubutu ruwan toka a kan fari, siriri kamar gashin jariri. Sunan kowane akwati yana cikinsa, kana fara rubutu ya ɓace. Da kotun shari'a na karɓar ƙarar launi, da ni zan fara kai shi.

Ranar Juma'a za a rufe rajista, ga ƙanwata Hauwa ba ta shiga ba. Sau uku Inna tana sayen data, a wannan tsadar da ake auna gero da ido. Da sunayen suka ɓace, ta rubuta garinmu Getso a wurin suna, Hauwa a wurin gari. Maɓallin turawa kuwa ya faɗa bayan gefen waya.

Na tafi Kabo da wayar Kaka. Na ce wa shugaban makarantar, "Malam, bismillah, fito rana ka cike." Ya juya wayar, ya kare ta da hularsa, ya yi gumi.

"Yarinya, ina maɓallin?"

"Yana Kano, Malam."

Na ba shi fulas ɗin kwamfuta da tsohon fayil ɗin Kawu yake ciki, ya sa aka mayar da shi kan fom ɗin. Ranar Laraba Inna ta cike fom a zama ɗaya, Hauwa ta samu gurbi.

Da Kawu yana nan, ba zai yaba mini ba. Bai bar gida ba, bai bar mota ba, wannan fitar rana kawai ya bar mini, kuma na kasa yar da ita. Sai dai zai gano abu ɗaya da na taɓa a fayil ɗinsa: maɓallin yanzu ruwan hoda ne, ƙato. Na kai wa Kaka a tsakar rana. Ta ce, "Wannan kam na gani."

Kawu, ka ji da kunnenka. Ba zan goge ba.