Surukina Tsohon Soja da 'Ya'yansa Marasa Kunya

A shekarun saba'in, lokacin garinmu Suleja ana ce masa Abuja, ni matar aure ce mai ɗanyen jini, ina ɗan ɗinkina da keke a cikin gida a unguwar Hashimi. Ni na zaɓi mijina da kaina. Akawu ne, mai gogaggiyar riga da daɗin baki, abin da na gani ke nan na bi. Yau da na tsufa nake rubuto muku abin da na tarar a gidansu, ko wata za ta amfana.

Surukina tsohon soja ne, ya je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, da ya dawo kuma ya yi aikin ƙarfe a Kaduna har ƙarfinsa ya ƙare. Ƙarar bindiga da ta guduma sun cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. Tafin hannunsa duk tabon wuta ne. Da wannan hannun ya sa 'ya'yansa maza uku a boko, su kuwa da suka iya ɗaura agogo sai suka fara jin kunyarsa. Uwarsu na rasuwa suka mai da shi ɗakin da ke jikin garken awaki, wai yana cika wa baƙinsu kunne da ihu. In na kai masa tuwo, sai ya miƙe tsaye ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka.

Da labari ya zo cewa za a gina sabon babban birni kusa da mu, sai kwaɗayin kwangila ya kama mijina da 'yan'uwansa, alhali a cikinsu ba wanda ya taɓa ɗora bulo a kan bulo. Autansu ne ya kawo dabarar: tunda soja ke mulki, a fito da tsoho. Suka sa na wanke tsohon kakinsa, na rage masa ƙugu don ya rame, suka goge lambobin yabonsa da toka har suna sheƙi. Suka dinga yawo da shi ofis-ofis, su tsayar da shi a gaba yana sara wa sa'annin 'ya'yansa, su suna bayansa suna kirarin ubansu ya bauta wa ƙasa. In sun dawo su tuɓe kakin su ninke shi da kyau, mai kakin kuma su tura shi wajen awaki. Shi a zatonsa alfahari suke da shi. Har ce mini ya yi yaran nan sun fara hankali.

Wata rana suka bar shi tsaye cikin rana a ƙofar wani ofis, suka ce kada ya motsa sai sun fito. Soja ne, bai motsa ba. Fitsari ya matse shi har ya zubo, sannan jiri ya kayar da shi. Da suka fito tare da babban da suke nema, suka ga mutane sun taru a kansa, sai suka ratse ta gefe kamar ba su san shi ba. Wani direban tifa ne ya kawo mini shi, rabin jikinsa ya shanye. Mijina da bakinsa ya ba ni labarin, yana huci, wai tsoho ya kunyata su.

Jinya ta faɗo kaina, ga ni da ciki. Na roƙi mijina ya riƙa kama mini in zan juya shi, ya ce warin ɗakin yana kama masa riga. Wata 'yar hayarmu, Kirista 'yar Kudu mai sayar da garin rogo, ita ke taya ni in ta taso daga kasuwa. Ranar da ba ta nan na ɗaga shi ni kaɗai, na ji abu ya tsinke a marata. Cikin ya zube. Da na dawo daga asibiti, tsohon ya riƙe ni da hannunsa mai lafiyar yana hawaye, ya ce, "Ki yafe mini, 'yata, ni na haife su." Mijina kuwa cewa ya yi garajena ne ya ja mini.

Tsohon bai ga wata daminar ba ya rasu. Ku zo ku ga kuka a zaman makoki! Mijina har faɗuwa yake yi ana tare shi. Kwangilar dai ba su samu ba. Ana gama sadakar arba'in na ce wa mijina ya ba ni takardata, ya buɗe baki yana tambayar me ya yi mini.

'Yan mata, ku ji daga bakin wadda ta gani. Kafin ki amsa wa namiji, ki bar kallon yadda yake miki magana, wannan duk mai nema ya iya shi. Ki saurari muryarsa in yana magana da iyayensa, don da wannan muryar zai yi miki magana ranar da kika kwanta. Tsohon nan ba shi da laifin da zan yafe masa. 'Ya'yansa kuwa har yau ban yafe ba, kuma ban ko gwada ba.