Kukan Aksul Ɗin da Ban Ji Ba

Har gobe ina tuna ranar da Malam Sabo direba ya shigo garejina a Birnin Kudu da tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ce bayanta na kuka. Lokacin kaka ne, an fara fitar da riɗi. Shi mutumin Fagam ne, manoma yake ɗauka da buhunansu zuwa kasuwar Gwaram. Ni kuwa na haura shekara talatin a kanikanci, kuma da kunne aka san ni. Mota ta wuce a titi, sai in faɗi abin da ke damunta.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba: irin wannan mota tayoyin baya ne ke tura ta. Farfela, doguwar sandar ƙarfen nan ta ƙarƙashi, ita ke kai ƙarfin inji zuwa wani ƙullutu a tsakiyar aksul ɗin baya. A cikinsa akwai giyoyi masu haƙora da ke raba juyi ga tayoyin biyu. In suka fara cinyewa, sai ka ji wani siririn kuka, ya ƙaru in an taka totur, ya sauya in an saki.

Na shiga gaba, muka hau titin Gwaram. Da muka ɗan yi gudu Sabo ya ce, "Yauwa, Malam Hamisu, ka ji shi?"

Na kasa kunne. Inji na ji, da ƙarar bodi. Na ce ya ƙara wuta. Ya ƙara, har yana yamutsa fuska kamar mai ciwon haƙori. Ni dai ban ji komai ba. Na ce masa tayoyinsa ne suka kwana biyu, ya je ya yi aikinsa.

Bayan kwana uku ya dawo. Don kada ya ce ban kula shi ba, na ɗaga motar a jak, na canja boris ɗin tayar hagu, wato zoben ƙarfen da take juyawa a kansa, alhali ban ga laifinsa sosai ba. Ranar Laraba sai ga shi kuma, ransa a ɓace.

"Malam, jiya a Farin Dutse mata huɗu suka sauka, suka ce ba za su ƙarasa a cikinta ba. Kowa na ji, kai kaɗai ne ba ka ji?"

Nan kaina ya ɗaure. Na yi tunanin ko wasiwasi ne ya kama shi, ko kuma wani bakanike ne ke zuga shi don ya ɓata mini suna. Na kira maƙwabcina Bulus mai walda, wanda muka shekara goma sha muna aiki kafaɗa da kafaɗa, na ce ya zo ya raba mu. Muka hau bayan motar ni da shi. Ko fita daga gari ba mu gama yi ba ya toshe kunne ɗaya.

"Oga Hamisu, wasa kake yi? Ai wannan ko a masallacin can aka tsaya za a ji."

Na dube shi, na dubi ƙeyar Sabo. Har na fara zargin sun haɗa baki ne. Ban san dalili ba, sai na ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen da muke zaune. Ga shi nan kuwa, wani ɗan kaɗawa siriri yana bin hannuna har gwiwa. Sabo ya saki totur, kaɗawan ya sauya. Hannuna na ji, kunnena shiru.

Da muka koma na kwance murfin man aksul. Man ya zubo baƙi ƙirin, garin ƙarfe na ƙyalli a yatsuna. Na sauke farfela, na zare sandunan tayoyi, na fito da ƙullutun. Haƙora biyu sun ɓalle, boris ɗin ciki ya ragargaje. Da ya ƙara sati a haka, tayoyin baya za su iya cijewa a tsakiyar gudu, ga mutane a kan buhuna. Kuma ni ne na sallame shi sau biyu.

Washegari na samo wani ƙullutun na hannu mai kyau. Na ƙirga haƙoransa sau uku don ya yi daidai da tsohon, na ɗaura, na zuba sabon mai. Da muka fita gwaji na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na zama oga. Na juya na ce, "Malam Sabo, ya daina?"

Ya dube ni, ya ce a hankali, "Ya daina, Malam."

Da na ba maiɗakina labari, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce, "Ai mun fi shekara muna ɗaga maka murya a gidan nan. Kunya ce ta hana mu faɗa." A asibiti ma haka suka ce: kunnena ya riga ya daina jin siririn sauti, saboda yawan bugun ƙarfe.

Na ƙara shekara shida ina aiki kafin in ajiye. Abin da nake gaya muku, ku masu tasowa, shi ne: mai mota ya fi ka daɗewa a cikinta. In ya ce yana jin abu, kada ka ce masa babu. Ka ce, "Ni ban ji ba tukuna," sannan ka shiga ƙarƙashi ka duba man.